Ƙungiyarmu ta taimako ce, yanzu samari na son fita sintiri

«Assalamu alaikum, Baba. Mu samari ne 30 da 'yan kai a wata unguwa ta Garwa, a Kamaru. Shekara 3 ke nan da kafa ƙungiyarmu, kowa na zuba jika guda, wato sefa dubu ɗaya, a wata. Da azumi mukan raba gero da sukari ga marayu da matan da mazajensu suka rasu, mukan share maƙabarta, in wani ya kwanta asibiti mu kai masa abin da ya sauwaƙa. To bana ɓarayi sun sa mu gaba. An sace babura 3 a layinmu, ana fizgen waya bayan sallar isha. Wasunmu na cewa a fasa asusu a sayi tocila da adduna mu fara sintirin dare, wasu kuma na cewa ba shi ya tara mu ba. Har yau ba mu da takardar hukuma. Shin ƙungiya ɗaya za ta iya riƙe taimako da tsaro a tare? Ta ina za mu fara?»

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya saka muku da alheri a kan marayun nan. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a cikin kwano ɗaya: ko ya dace kuɗin da aka tara don taimako ya koma na sintiri, da kuma yadda za ku tsaya da ƙafarku a gaban hukuma. Na yi sama da shekara 20 ina cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, da fari a Marwa, daga baya a nan Garwa. Na riƙe alƙalami, na riƙe asusu, kuma har gobe ina koya wa samari agajin gaggawa. Amsata a taƙaice ita ce: ku yi aikin kare lafiyar unguwa, amma kada ku mayar da ƙungiyarku ta 'yan sintiri, kuma kada ko dala ɗaya ta fita daga asusun marayu ta sayi adda. Bari in faɗa maka dalili.

Abin da ya sa ba a tauna taura biyu

Abin da kuke yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna da gayya: a taru a nome gonar wanda ya kwanta ciwo, a taru a yi wa tsohuwa yaɓe kafin damina. Daga baya 'yan agaji suka fito da kakinsu, suna tsara sahu a filin idi suna ɗaukar wanda ya faɗi. Turawa ma suna da nasu ƙungiyoyin taimakon. Rotary an kafa ta a birnin Shikago na Amurka a 1905, Lions kuma a 1917, kuma dukansu sun bazu har ƙasashenmu. Ka dubi abin da suka shahara da shi. Rotary ta ɗauki yaƙi da shan inna tun 1985, Lions ta riƙe maganar ido da makanta. Attajirai ne da manyan ma'aikata a ciki, in da sun so ɗaukar masu gadi su zuba a titi da sun iya. Ba su yi ba, kuma ba don tsoro ba ne.

Aikin taimako yana rayuwa ne da buɗaɗɗiyar ƙofa. Duk gidan da kuka yi sallama da buhun gero a kafaɗa, za a ce ku shigo, ko gidan Bahaushe ne ko na Bafulatani, ko na Kirista ɗan Gidar ko Tupuri da ke haya a layinku. Shi kuwa sintiri, ran da ya fara aiki ran nan yake fara tara maƙiya, ko da a kan gaskiya yake. Kuma ka tuna, ɓarawon unguwa ba daga sama yake faɗowa ba. Sau da yawa ɗan wani gida ne da kuka sani. Tana iya yiwuwa uwarsa na cikin jerin matan da kuke kai wa sukari. Ranar da kuka fasa wa ɗanta kai, da wane ido za ka kai mata kwanon gero, ita kuma da wane hannu za ta karɓa?

Na san abin da masu son sintirin za su ce maka: ai a jihar Arewa Mai Nisa 'yan sintiri sun ceci rayuka. Gaskiya ne, kuma ba zan rage musu ko ƙwayar zarra ba. Ina Marwa ranar 22 ga Yuli 2015 da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da unguwar Barmare, kwana uku bayan haka wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert. Bayan nan kowa ya ga amfanin mutanen da suka san fuskar ɗan gari da ta baƙo. A Mora da Kolofata da garuruwan bakin iyaka, akwai 'yan kwamitin sintiri da suka tare 'yan ƙunar baƙin wake da jikinsu suka rasu a wurin. Amma ka lura da abu biyu. Waɗannan kwamitoci ba kansu suka naɗa ba, sarakuna ne ke ba da sunaye, suferefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, ya rubuta, kuma da sojoji da jandarmomi suke aiki. Na biyu, duk da wannan sa ido, an samu waɗanda suka mayar da igiyar kan hanya wurin karɓar kuɗi, da waɗanda suka yi wa abokin gaba ƙazafi don a kama shi. In haka ta faru inda ake yaƙi kuma hukuma ke kallo, yaya ke nan ga samari 30 da ba wanda ya san da zamansu?

Daren da muka kama yaron gidan burodi

Abin da zan ba ka labari da idona na gani, kuma da hannuna a ciki, don ni ne ma'aji a lokacin. Sata ta yi yawa a unguwarmu kamar taku. Muka zauna muka yanke shawarar fitar da jika 60 daga asusu, muka sayi tocila da usur da kulake. Makon farko abin gwanin sha'awa. Mata na aiko mana da shayi da ƙosai, dattawa na sa albarka. Wata na biyu waɗanda ke da sana'ar safe suka fara janyewa, don ba a kwana tsaye a wayi gari a buɗe shago. Waɗanda suka rage su ne marasa aikin yi, kuma a cikinsu akwai masu haɗiye ƙwaya don kada barci ya ɗauke su. Mun ji ƙishin-ƙishin, muka kau da kai.

Wani dare wajen ƙarfe 3, suka hango yaro yana sauri da buhu a ka. Suka daka masa tsawa, ya tsorata ya ruga. Gudun nan shi ne duk laifinsa. Kafin a tashe ni in iso, an karya masa hannu, leɓensa ya fashe. Na haska buhun da tocila, sai ga tsummokaran rufe kwaɓi da rigar aiki duk gari. Yaron gidan burodi ne, zai je kunna tanda. Ba ya jin Hausa sosai, da Fulatanci yake ta rantsuwa yana kiran sunan maigidansa, ba wanda ya saurara.

Kuɗin asibiti, da na rarrashin iyayensa, da zirga-zirgar komisariya, wato ofishin 'yan sanda, don a sako mana yara biyu, duk daga asusun nan suka fita. Azumin shekarar ba mu raba ko mudu ɗaya ba. Abin da ya fi ciwo, 'yan kasuwar da ke ba mu gudummawa a ɓoye suka ɗauke ƙafa, ɗaya daga cikinsu ya ce mini a gaban shagonsa: «Alhaji, ni marayu na ba, ban ba 'yan daba ba.» Ban sami abin ce masa ba. Sai da muka shekara biyu kafin a sake yarda da mu.

Tsaron da ba ya buƙatar kulki

Mutane in an ce tsaro sai hankalinsu ya tafi kan ɓarawo. Ka ɗauki littafin maƙabartar da kuke sharewa, ko ka zauna da masu haƙar kabari, ka tambaye su me ke kawo musu gawa daga unguwarku. Za ka ji haɗarin babur, zazzaɓin yara da damina, mace ta zubar da jini wurin haihuwa, gobara, yaro ya nutse a kogin Binuwai. A nan ne ƙungiya irin taku take da babban fili, kuma ba wanda zai yi gaba da ku a kai.

Fara da haske. Mai fizgen waya duhu yake bi. Ku zaga unguwa da dare ku ƙirga lungunan da ba a ganin tafin hannu, sannan ku bi masu gidajen da ke bakin lungun ku roƙe su kowa ya yarda a maƙala fitila mai aiki da hasken rana a katangarsa, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Mu da muka yi haka a lungu huɗu, fizge ya ragu fiye da duk abin da kulakenmu suka yi. Babura kuma yawanci a zaure ko ƙofar gida ake ɗauke su. Ku nemi gida mai fili da ƙofar ƙarfe, masu babura su haɗa kuɗi su biya mai gadi ɗaya, kowa ya kai nasa da dare ya karɓi lamba. Kuɗin daga aljihun masu babura zai fito, ba daga asusun ƙungiya ba.

Sai lambobin waya. 117 na 'yan sanda ne, 113 na jandarma, 118 na 'yan kwana-kwana. Ku rubuta su da fenti a bangon masallaci da bakin famfo. Amma kada ku tsaya nan. Shugabanku da mai unguwa su je da ƙafarsu komisariya da birgad ɗin jandarma da ke kula da yankinku, su gabatar da kansu, su karɓo lambar wanda ake samu da dare. Wayar wanda aka sani da fuska ta fi saurin ɗauka, wannan kowa ya sani. Ku kuma tanadi mutum biyu ko uku masu mota da suka yi alkawarin ba za su kashe waya da dare ba, saboda naƙuda.

Agajin gaggawa shi ne inda na fi so ku zuba ƙarfinku. Ku je reshen ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj (Red Cross) na gari ku nemi a koya wa mutum 10 daga cikinku, a sa 'yan mata da matan aure a ciki, don akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba. Abubuwan da ake koya ba su da wuya, amma su ne tsakanin rai da mutuwa. Wanda ya faɗi daga babur ba a ciccibarsa kamar buhu a jefa a bayan wani babur ɗin, don in wuyansa ya taɓu kai ne za ka ƙarasa shi. Jini in yana zuba, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada a yi ta ɗagawa ana leƙe. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe in yana numfashi. Ƙuna kuwa ruwan sanyi ake zuba mata kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba manja ba. Na gaji da ganin yara an shafe musu ƙuna da tawada an kawo su bayan kwana uku wurin ya ruɓe.

Gobara ma tana da nata. A garin nan kusan kowane layi akwai mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, a kwalabe, kuma da yawa a ɗakin kwana suke ajiye jarkokin. Wutar fetur in ka watsa mata ruwa tafiya take yi a kan ruwan ta bi ka. Yashi ake zuba mata, ko a rufe ta da jiƙaƙƙen bargo in ƙarama ce. Rabin durom cike da yashi da shebur a gefen kowane mai sayar da mai, kuɗinsa bai kai na adda biyar ba. Ku yi wannan zagayen a watan Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu da komai ke bushewa kamar ƙirare.

Da damina kuma ku koma kan magudanan ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2012, lokacin da ruwa ya yi yawa har aka saki na madatsar Lagdo, ba sai an yi masa wa'azi ba. Yashe kwalbati a watan Mayu, da sanin gidajen da ke kwari da tsofaffin da ba za su iya gudu ba, aikin gayya ne tsantsa. Haka nan in ma'aikatan lafiya sun fito rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara 5, ku raka su gida-gida. Maigidan da zai kore baƙo ba zai kore ɗan maƙwabcinsa ba.

Bari in ɗan ratse, tunda kuna zuwa asibiti da abin hannu. Abin da majinyaci ya fi nema wani lokaci ba kuɗi ba ne, jini ne, kuma akan ce dangi su kawo masu bayarwa. Ku 30 ɗin nan ku je a gwada rukunin jinin kowa, a rubuta a littafi. Duk mai lafiya da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa. Sannan akwai cek sante, wato takardar kula da lafiyar mai ciki, da ake saya jika 6, mai ciki ta samu awo da haihuwa a asibitocin da ke cikin tsarin. Ku saya wa mata biyar marasa ƙarfi a shekara, kun yi abin da ya fi buhun sukari nisa.

In sintirin ya zama dole

Zai iya yiwuwa ku yi duk wannan sata ta ƙi sauƙi. To a nan ma ba ku za ku kafa sintiri ba, unguwa ce za ta kafa. Ku kai kuka wurin mai unguwa, jauro ne ko lawan ko Sarkin Hausawa, shi ya tara magidanta, shi ya kai maganar gaban suferefe. A rubuta sunayen masu fita, a kai wa hukuma, kowa da katinsa na ɗan ƙasa. Magidanta su ne za su zuba kuɗinsa gida-gida, da ma'ajinsa daban da littafinsa daban. Ɗan ƙungiyarku da ke so ya shiga, ya shiga a matsayin ɗan unguwa, amma ya tuɓe rigar ƙungiya ya bar ta a gida.

Sharuɗɗan da na koya da tsada su ne waɗannan. Kowane rukuni a sa magidanci mai furfura a ciki, kada a bar samari zalla. Kada wanda ya fita yau ya fita gobe. Wanda aka san yana shaye-shaye ba ya fita, ko ɗan wane ne. Kayan aiki tocila da usur da waya, ba bindigar gargajiya ba, don riƙe makami ba izini laifi ne mai zaman kansa. A san masu fitar dare na halal tun kafin a fara: masu burodi, mahauta masu sammakon mayanka, ladanai, ma'aikatan asibiti, masu dakon kaya a tasha. Doka ta yarda duk wanda ya ga ana aikata laifi ido da ido ya kama mai yi, amma iyakarsa ke nan, sai ya miƙa shi ga 'yan sanda ko jandarma nan take. Ba duka, ba ɗauri a gindin bishiya har safe, ba tara, ba shiga gidan mutum bincike. Wanda ya ɗaga kulki a kan wanda aka riga aka kama, shi ma ya zama mai laifi, kuma in rai ya fita ba wanda zai tsaya masa.

Takarda da asusu

Rajista ba ta da wahalar da kuke tsoro. Dokar da ke kula da ƙungiyoyi a Kamaru ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990. Za ku rubuta kundin tsarin ƙungiya da Faransanci, da bayanin taron da kuka zaɓi shugabanni, da sunayensu da sana'arsu da inda suke zaune, ku kai ofishin ferefe, wato babban jami'in gwamnati na yankin Binuwai, tunda a Garwa kuke. In komai ya cika za a ba ku takardar shaida, wadda ake kira resefise. Dokar ta ce in wata 2 suka wuce ferefe bai ce komai ba, shirun nasa amincewa ne, saboda haka ku tabbata an buga muku hatimi da kwanan wata a kwafinku ranar da kuka ajiye. Wurin rubuta manufa, ku rubuta taimakon juna, tsabta, agajin gaggawa da wayar da kai. Kada ku rubuta tsaro. Wannan hurumin gwamnati ne, kuma ministan cikin gida yana da ikon dakatar da ƙungiya har wata 3, ko ya rushe ta, in ta taɓa zaman lafiyar jama'a.

Wani abin da yawancin ƙungiyoyi ba su sani ba: wannan rajistar ba ta ba ku damar karɓar tallafin gwamnati ko kyauta da wasiyya kamar yadda ƙungiyar da aka amince da ita a matsayin mai amfanin jama'a take yi ba. Kuma fita neman taimako a bainar jama'a, irin na yawo da akwati a kasuwa ko baza lambar Orange Money a WhatsApp, yana ƙarƙashin wata doka ta 1983 da ke buƙatar izini. Don haka kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya shi ne ƙashin bayanku, ku riƙe shi da kyau. Mutum uku su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a karanta lissafi da baki a kowane taro, shiga da fita, har kuɗin ruwan da aka sha. In wani ya ba ku zakka ku raba masa, ku ware ta gefe, don Alƙur'ani ya ƙayyade masu cin ta kashi 8 a Suratut Tauba, kuma fitila da yashi ba sa ciki. Waɗannan daga sadaka da kuɗin wata za su fito.

Ni ba lauya ba ne, saboda haka kafin ku ajiye kundin ku ba wanda ya karanci shari'a ya duba muku shi. Kuma duk abin da na faɗa na unguwar cikin gari ne. Ƙauyukan da masu garkuwa da mutane ke shiga da bindiga, wajen Tuboro da Mayo Rey, maganarsu daban ce, ba ta usur da tocila ba ce.

A taronku na gaba, kada ka fara da cewa ba za a yi sintiri ba, don masu zafin kai za su ce tsoro kake ji. Ka zo da takarda ka ce a lissafa lungunan duhu, a zaɓi mutum 10 na koyon agaji, a naɗa uku da za su je gaida mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan adda, shi za ka ba jagorancin zagayen fitilun, ka ce ya kawo rahoto cikin mako biyu.